Allon Ɗaki Na Sha Huɗu

Ƙarfe biyar na asuba a Sheffield,
ruwa na dukan taga kamar mai bin bashi.
Ni da bokiti da tsumma da makullai goma sha ɗaya
muka buɗe ɗakin karatu na sha huɗu.
Ɗalibai sun bar mini ɓawon ayaba,
kofunan takarda, da safar hannu ɗaya marar 'yar'uwa.
Dakta Whitlock kuwa ta bar allonta cike,
ko mantuwa ce, ko ta san akwai mai gogewa.

Kafin in jiƙa tsumma sai na tsaya karatu,
don ni ma na riƙe alli shekara tara a Gumel.

A sama ta zana mutum, ta rubuta: al'umma jiki ce,
kowace gaɓa da aikinta, in ɗaya ta tsaya duka su ji.
Na ce madalla, ashe da ni a lissafin.
Amma wace gaɓa ce ni?
Ba ido ba, don ba a tambayata me na gani.
Wataƙila ƙoda.
Tana wanki cikin duhu,
ba a tuna sunanta sai ranar da ta gaza.

Can gefe, da jan alƙalami, rubutun ya karkace
kamar hannun ya ɗau zafi:
ba jiki ba ne, kokawa ce
tsakanin masu tuƙa tuwo da masu cinsa,
kuma alƙalin da ke raba faɗan
a gidan masu ci ya yi kalaci.
Nan na tuna Danuta, abokiyar aikina,
ranar da aka zaftare mana rabin awa,
aka ce mu share hawa uku a lokacin hawa biyu.
Ta jingine tsintsiya, ta ce a sa hannu a takarda.
Mu bakwai muka sa.
Biyar suka ce kuɗin haya na jiransu,
ban ga laifinsu ba,
ni ma sai da birona ya yi rawa.
Har yau takardar na ofis, tana shan iska.

Na ukun ƙanana ne haruffansa,
a ƙasa, inda wuri ya ƙare mata.
Wai ba daga sama ake gina duniya ba,
tsakanin fuska da fuska ne,
a kallo, a gaisuwa,
a ma'anar da muke rataya wa abu.
Wannan ya sosa mini inda ke ƙaiƙayi.
Rigar nan tawa ruwan ɗorawa mai ƙyalli,
an ɗinka ta don a hango ni daga nesa,
amma tun da na sa ta ido ke ratsa ni ya wuce.
Sai ran wata Talata, wani yaro mai jan gashi
ya riƙe mini ƙofa, ya ce, yallaɓai, wuce.
Na yini da kalmar a aljihu kamar goro,
ina ɓantara kaɗan-kaɗan har dare.

To, wanne ne gaskiya?
Ni dai na ɗanɗana duka a mako guda,
kuma ba wanda ya ƙoshe ni shi kaɗai.

Na ɗauki hoton allon a waya saboda Hajjo,
'yata, da ke son shiga nan baɗi
ta ƙofar gaba.

Jirgin titi na farko ya kaɗa ƙararrawa a gangare.
Danuta na kira daga matakala, shayi na hucewa.
Na fara da jikin, na goge masa kai,
na bi kokawar, jan ya ƙi fita sai da na dirje,
gaisuwar kuwa shafa ɗaya ta ɗauke ta.

Ƙarfe tara Dakta za ta shigo,
ta tarar da shi fari fat,
ta cire murfin alƙalami,
ta soma bayanin yadda al'umma ke tafiya
a daidai wurin da hannuna ya bushe.